Alkamar Daji da Gubar Ƙasa: Darasi ga Fadamun Gobir

Duk shekara idan hunturu ya kama, hukumomin gona sukan yi kira ga manoman Arewa su koma fadama su shuka alkama, don a rage dimbin kuɗin da Nijeriya take kashewa wajen sayo ta daga ƙasashen waje. Wannan kira ba sabo ba ne. A shekarar 1987 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da alkama baki ɗaya, ta ɗora wa jihohin Arewa nauyin ciyar da ƙasa, amma ba a yi nisa cikin shekarun 1990 ba aka janye hanin, domin abin da aka noma bai kai ko kusa da abin da ake bukata ba. Har yau mafi yawan burodi da taliyar da ake ci a ƙasar nan da alkamar waje ake yin su. Muna goyon bayan noman alkama a gida, ba mu da ja a kan haka. Amma akwai tambaya guda da ba a cika yi ba, ita ce: me ke cikin ƙasar da za a shuka alkamar nan, kuma nawa ne daga cikinsa zai biyo ƙwaya ya shiga cikin yaro?

Tambayar ta shafi ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni fiye da yadda mutane suke zato. A wannan yanki na tsohuwar ƙasar Gobir ne manyan koguna uku suke haɗuwa su zama Gulbin Rima: Gagere da ke gangarowa daga ƙasar Zamfara, da Bunsuru da ke zuwa daga ƙasar Katsina, da kuma Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga wajen Katsina, ya ratsa Jamhuriyar Nijar ta Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya dawo Nijeriya. A bakin wannan fadama Gobirawa suka kafa Alƙalawa, babban birninsu da ya faɗi a 1808. Ruwan da ya wuce Sabon Birni shi ne yake taruwa a madatsar Goronyo, wadda aka gina don ta riƙe kubik mita miliyan 942 na ruwa, daga nan ya shayar da gonakin rani na Goronyo da Wurno, ya isa birnin Sakkwato. Saboda haka duk abin da ya shiga ruwan nan daga sama, ko mai kyau ko mai cutarwa, laka za ta ɗauke shi ta shimfiɗa a gonakin da ke ƙasa.

Abin da masana suke kira ƙarafa masu nauyi su ne irin su dalma da zaiba da kadmiyam. Ana samunsu kaɗan-kaɗan a cikin kowace ƙasa, amma sukan yi yawa inda ake haƙar ma'adinai, ko inda ake ban ruwa da ruwan masana'antu, ko inda aka daɗe ana zuba takin zamani maras tsabta. Illarsu ita ce ba su ruɓewa. Kashin shanu yakan narke cikin damina ɗaya, maganin ƙwari yakan salance bayan wani lokaci, amma dalmar da ta shiga ƙasa tana nan har sai an kwashe ta da hannu. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Kadmiyam kuwa yana taruwa a ƙoda, yana iya yin shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita daga jiki, kuma yana raunana ƙashi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, wadda har zuwa 1996 yanki ce ta Jihar Sakkwato. Tsadar zinariya ce ta ja mutane haƙa, dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. Suka riƙa kawo shi cikin gida suna dakawa a turmi, suna niƙawa a inji, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe, inda kuma mata ke sussuka da shanya hatsi. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje a Dareta da 'Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka, aka kawo sabuwa aka zuba, sa'an nan magani ya yi amfani. Garin Bagega bai sami wannan aiki ba sai a 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi. A 2015 kuma irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Gaskiya ne Anka da Bukkuyum ba a bakin kogunan da ke shayar da Isa suke ba, kuma ba mu ce fadamun Gobir sun gurɓata ba. Abin da muke cewa shi ne, idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba ta bazu a Arewa maso Yamma, hanin da Gwamnatin Tarayya ta yi mata a Zamfara a 2019 an ɗage shi a ƙarshen 2024, masu haƙa kuwa da zaiba suke tace zinariyarsu a bakin rafi.

Ƙasar Japan ta ga ɗaya fuskar wannan bala'i. Wata mahaƙa ta daɗe tana zubar da ruwa mai kadmiyam a kogin Jinzu, manoman lardin Toyama suna shayar da shinkafa da shi. Shinkafar ta ci gaba da yin ƙwaya, mutane suka ci gaba da ci, har mata masu shekaru suka fara karyewar ƙashi da ciwo mai tsanani. A 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa kadmiyam ne sanadin cutar. Darasin da ke nan ya cancanci kowane malamin gona ya riƙe shi: shuka tana iya tsayawa kore shar a kan ƙasa mai guba, alhali ƙwayarta tana kashe mai ci. Don haka idan aka ce wani iri yana jure guba, wajibi ne a tambaya, ina yake kai gubar da ya jure?

A nan ne binciken da ake yi a kan dangin alkama na daji ya zo da amfani. Alkamar da muke yin alkaki da funkaso da gurasa da ita ba tsiro guda ba ce tun asali. Auren ciyayi uku ne. Da farko wata alkamar daji mai suna Triticum urartu ta haɗu da wata ciyawa daga dangin da ake kira Aegilops, suka haifi alkamar daji ta emmer, wadda wani masani mai suna Aaron Aaronsohn ya gano tana tsirowa da kanta a duwatsun Galili a 1906. Daga ita aka sami alkamar durum ta yin taliya. Daga baya, kimanin shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce, a wajen kudancin Tekun Kasfiya, emmer ta gona ta sake haɗuwa da wata ciyawar mai suna Aegilops tauschii, wadda Turawa ke kira ciyawar awaki, aka sami alkamar burodi. Masana a Japan da Amurka ne suka tabbatar da wannan asali a shekarun 1940. Da yake auren na ƙarshe tsakanin tsirrai ƙalilan ya faru, alkamar burodi ba ta gaji komai ba daga arzikin ciyawar awaki sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sauran yana can cikin ciyayin da ke tsirowa a gefen hanyoyin Iran da Turkiyya da Afghanistan, waɗanda suka yi dubban shekaru suna fama da fari da gishiri da ƙasa mai ƙarafa ba tare da wani ya kula da su ba.

Kowane hali na shuka yana da ƙwayar gado da ke ɗauke da umurninsa, kamar yadda ɗa yake gadon tsawo ko launi daga iyaye. A 2018 aka kammala karanta littafin gadon alkamar burodi, aka tarar ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyar, yana ɗauke da ƙwayoyin gado fiye da 100,000. An karanta na emmer ta daji da na ciyawar awaki a 2017. Cikin waɗannan ƙwayoyi akwai rukuni-rukuni da aikinsu shi ne ma'amala da ƙarafa. Wasu masu tsaron ƙofa ne a bakin saiwa, su ne ke shigo da ƙarfen da shuka ke bukata kamar tutiya, amma kadmiyam yakan yi kama da abin da ake bukata ya kutsa ta wannan ƙofa. Wasu suna sarrafa sinadaran da ke ɗaure gubar don kada ta yi ɓarna, kuma daga alkama aka fara ware ɗaya daga cikinsu a 1999. Wasu kuma aikinsu shi ne tura gubar cikin wasu 'yan jakunkuna da ke cikin saiwa, su kulle ta a can, kada ta hau kara balle ta isa zangarniya.

Wannan rukuni na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci ga mai ci. An daɗe da sanin cewa wasu irin durum suna tara kadmiyam a ƙwaya ninki biyu ko fiye da na wasu, ko da a gona ɗaya aka shuka su. A 2019, da aka karanta littafin gadon durum aka gwada shi da na emmer ta daji, sai aka gano dalili. Ƙwayar gado ce guda, mai suna HMA3, wadda ke kulle kadmiyam a saiwa. A cikin emmer ta daji tana aiki daram. A cikin yawancin irin durum na zamani kuwa ta lalace, ƙofar jakar ta ɓalle, gubar tana wucewa kai tsaye zuwa ƙwaya. Wato cikin neman yawan amfani, mutum ya yi ta zaɓen iri yana yaɗa lalatacciyar ƙwayar gado bai sani ba, ciyawar da aka raina kuwa ta riƙe ta lafiya. Masu binciken sun yi zaton lalatacciyar ta yaɗu ne saboda tana taimaka wa shuka a ƙasar da tutiya ta yi ƙaranci. Ƙasar Kanada, wadda ke sayar da durum ga duniya, ta riga ta fitar da iri mai ƙarancin kadmiyam mai suna Strongfield tun 2004, ta hanyar auren iri da zaɓe na yau da kullum. Japan ma ta sami irin shinkafar da kusan ba ta ɗaukar kadmiyam, bayan an gano a 2012 wace ƙofa ce yake shigowa ta cikinta.

Ba a tsaya ga ganowa ba. Tun shekarun 1980 cibiyar binciken alkama da masara ta duniya, CIMMYT, da ke ƙasar Meziko, take maimaita tsohon auren nan da gangan, tana haɗa durum da ciyawar awaki don ta shigo da halayen daji cikin alkamar gona. Ƙasar Sin ta fitar da iri mai suna Chuanmai 42 daga wannan aiki a 2003, manoma kuma suka karɓe shi. Sai dai duk wannan bai yiwu ba sai da aka sami waɗanda suka tattara irin dajin suka adana. Cibiyar ICARDA ta tara dubban irin alkama da danginta na daji a kusa da birnin Halab na ƙasar Siriya. Da yaƙi ya kore ta daga can, abin da ya cece ta shi ne ta riga ta aika da kashi na biyu na irin zuwa rumbun duniya da ke Svalbard a arewacin Norway. A 2015 ta karɓo su, ta sake shukawa a Lebanon da Maroko. Da ba a yi tanadi tun ana zaman lafiya ba, da aikin shekaru masu yawa ya salwanta.

Mai karatu zai iya cewa ai dangin alkama na daji ba su tsirowa a ƙasar Hausa. Haka ne. Amma gero da dawa da shinkafar Afirka a wannan nahiya aka fara noma su, danginsu na daji kuma suna nan a gonakinmu da tafkunanmu. Shibra da manomin Gobir yake tugewa daga cikin gero jinin geron daji ce. Shinkafar daji da ke fitowa a tafkunan fadama ita ce kakar jar shinkafar da kakanninmu suka noma, wadda aka aura wa shinkafar Asiya a shekarun 1990 aka sami NERICA. An karanta littafin gadon gero a 2017, an kuma gano a 2007 ƙwayar gadon da ke sa wasu irin dawa su jure sinadarin alminiyam a ƙasa mai tsami. Abin da ciyawar awaki ta yi wa alkama, babu abin da zai hana shibra da tsofaffin irinmu su yi wa gero, muddin an same su an bincika.

To, a nan ne matsalar take. Ƙauyukan Isa da Sabon Birni suna cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba a ƙasar nan. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni cikin hari ɗaya. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa yankin Maraɗi neman mafaka. Ran ɗan Adam shi ne asarar da ta fi kowace girma, amma akwai wata asara da ke bin bayanta a ɓoye. Manomin da ya gudu ya bar rumbunsa, ko aka ƙone masa, ya rasa irin da gidansu suka yi shekara ɗari suna zaɓe, wanda ya san ƙasar wurin da ruwanta. Idan ya dawo, abin da aka raba masa a buhu shi zai shuka. Irin da ya ɓace ba ya dawowa, kuma ba a san abin da ya tafi da shi ba.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Sakkwato da hukumomin tarayya da abin ya shafa su yi abubuwa huɗu.

Na farko, a auna ƙasa da ruwa da laka na fadamar Rima, tun daga Isa da Sabon Birni har Goronyo da Wurno, a san yawan dalma da kadmiyam da zaiba da ke ciki, kuma a buga sakamakon kowa ya gani. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da masana da za su iya wannan aiki. Inda ma'aikaci ba zai iya shiga ba saboda tsaro, ana iya auna hatsin da ke fitowa daga can a kasuwa, da lakar da ke taruwa a madatsa. Ma'aunin duniya na Codex ya ƙayyade cewa kadmiyam kada ya wuce miligiram 0.2 a kowane kilo na alkama, 0.4 a shinkafar da aka cashe, dalma kuwa 0.2 a hatsi. Da wannan sikeli ya kamata a auna namu.

Na biyu, Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ce aka ɗora wa alhakin alkama da gero, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da ta Badeggi mai kula da shinkafa, su sa yawan ƙarfen da iri ke kaiwa ƙwaya cikin sharuɗɗan da ake dubawa kafin a sake shi ga manoma. A yanzu da aka san ƙwayar gadon da ke da alhakin, gwajin ba shi da wuya. Alkamar burodi ba ta kai durum tara kadmiyam ba, amma masana'antun taliya suna ƙaruwa, kuma duk ranar da aka ce a faɗaɗa noman durum, to a tabbata irin da ƙofar jakarsa ke rufe aka kawo.

Na uku, a lura da takin zamani. Dutsen fosfet da ake yin takin supa da shi yakan zo da kadmiyam a jikinsa, wani ya fi wani yawa gwargwadon inda aka haƙo shi. Tarayyar Turai ta sa iyaka ta miligiram 60 a kowane kilo na sinadarin fosfet ga takin da ke ɗauke da hatiminta tun daga 2022. Nijeriya tana da Dokar Ingancin Takin Zamani ta 2019. A yi aiki da ita, a riƙa auna abin da ake shigowa da shi, haka kuma fosfet ɗin da Allah Ya albarkaci Jihar Sakkwato da shi a wajen Dange da Shuni, a auna shi kafin a ce a zuba a gona.

Na huɗu, a tashi tattara tsofaffin irin gero da dawa da shinkafa da wake na ƙasar Gobir, har da shibra da shinkafar daji, a rubuta sunan kowanne da ƙauyen da ya fito da abin da tsofaffi suka sani game da shi. 'Yan gudun hijira da yawa sun fito da ɗan ƙullin iri, ana iya samunsu a inda suke zaune ba tare da an jefa ma'aikaci cikin haɗari ba. A ajiye kashi ɗaya a rumbun iri na ƙasa da ke Ibadan, wanda aka kafa a 1987, kashi ɗaya a Sakkwato, kada a tara ƙwai duka a kwando ɗaya kamar yadda labarin Halab ya nuna. Kuma da yake Gobir ɗaya ce ko da iyaka ta raba ta, a nemi haɗin kan tashar binciken gona ta Tarna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi. Tsamin dangantakar da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 2023 bai kamata ya hana malamai musayar iri ba.

Ya zama wajibi mu ƙara da gargaɗi, don kada wani jami'i ya ɗauka kimiyya ta sauke masa nauyi. Babu ƙwayar gadon da za ta ceci yaron da ke rarrafe cikin ƙurar dalma. Dalma galibi a saiwa take tsayawa, hanyar da ta fi bi ta shiga jiki ita ce ƙura da hannu da abincin da aka shanya a gurɓataccen wuri. Maganinta shi ne a raba niƙan dutse da gidajen mutane, a hana wanke zinariya a rafin da ake sha, a kwashe ƙasar da ta riga ta ɓaci. Iri mai kulle guba a saiwa kariya ce ga ƙasar da gubarta kaɗan ce, ba izini ba ne na a ci gaba da ɓata ƙasa.

Ga ɗalibanmu na jami'o'i da kwalejojin gona, musamman 'ya'yan Isa da Sabon Birni, wannan fage ne da ke jiranku. An rubuta littattafai masu yawa a kan ciyawar awaki ta Iran, shibrar da ke bayan gidanku kuwa tana jiran mai dubawa. Ga ma'aikatan gwamnati kuma, kuɗin auna fadama guda bai kai kuɗin kankare ƙauye guda ba, kuma babu kuɗin da zai dawo da yara 400 na Zamfara. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba ƙasar Gobir zaman lafiya, Ya sa shugabanni su ji.